Idan Ihun Naƙuda Ya Zama Abin Wasa

Duk wanda ke leƙa TikTok ko Facebook a 'yan shekarun nan, da wuya a ce bai ci karo da irin wannan bidiyon ba. Mace mai tsohon ciki ta ɓoye waya a saman firji, ta tsiyaya ruwa a ƙasa, ta dafe ƙugu, sai ta ƙwala wa mijinta kira cewa faya ta fashe. Mijin ya fito a guje, takalmi a ƙafa ɗaya, ya rasa inda ya ajiye makulli, ya kira mahaifiyarsa murya na rawa. Sai da hankalinsa ya gama tashi sannan matar ta tuntsire da dariya, ta nuna masa inda kyamara take.

Akwai kuma na kan titi. Budurwa ta cusa matashin kai a cikin hijabi, ta zube kusa da mai adaidaita sahu tana murƙususu. Jama'a su taru, wata dattijuwa ta kwance mayafinta ta kare ta daga idon maza, can sai wani saurayi ya fito yana tafi yana cewa wasa ne. Na ukun ya fi sauƙin haɗawa: a samo hoton awon ciki na wata, a tura wa uwa ko suruka a ce an samu ƙaruwa, a ɗauki guɗarta da hawayenta, sannan a faɗa mata gaskiya.

Wannan abu da matasa ke kira firank daga waje ya zo mana, kuma ko a can bai wuce salin-alin ba. Ranar 1 ga Afrilun 2019 mawaƙin nan Justin Bieber ya wallafa hotunan da ke nuna kamar matarsa na da juna biyu, daga baya ya ce wasan ranar ƙarya ne. Sukar da ya sha, musamman daga matan da suka yi ɓari da waɗanda suka daɗe suna neman haihuwa, ita ta sa ya fito ya ba da haƙuri. Yau wayar da ke nuna wa mutumin Landan wannan bidiyo ita ce ke nuna wa yaron da ke zaune a gindin dalbejiya a Kankiya ko Kusada, kuma abin da aka kalla sau ɗari ba ya rasa mai gwadawa.

Tambayar da nake so mu yi wa kanmu ita ce: idan ba wanda ya ji rauni, kuma wanda aka tsorata ma ya yi dariya daga ƙarshe, ina laifin?

Mu fara ba masu wasan haƙƙinsu

Tambayar ba ta banza ba ce. Bahaushe mutum ne mai wasa, ya kuma tsara wasansa tun kaka da kakanni. Akwai wasan taubasai, inda ɗan mace da ɗan namiji ke yi wa juna tsiya har a kai ga karɓar kuɗin shara. Akwai na jika da kaka, inda tsohuwa ke kiran jikanta mijinta, shi kuma ya ce ya sake ta don ba ta da haƙori. Akwai na garuruwa da ƙabilu, irin na Kanawa da Zagezagi ko na Fulani da Barebari. Da azumi ya kai kwana goma, yara su fito tashe, wani ya liƙa gemun auduga, ya cusa tsummokara a riga ya yi ƙaton tumbi, a bi gida-gida ana dariya ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Al'ummar da ta gaji wannan duka ba za ta zo yau ta ce dariya laifi ce ba.

Sannan akwai maganar abinci. Da yawa daga cikin masu haɗa bidiyon nan matasa ne da suka gama makaranta ba aiki. Waya ce jarinsu, mabiya ne kasuwarsu, kuma da mabiyan ne ake samun talla. In ka ce su daina, suna da ikon su tambaye ka me za ka ba su a madadinsa. Za su ƙara da cewa miji nasu ne, uwa tasu ce, kuma kowa ya yarda kafin a saki bidiyon.

Duk wannan na ji. Amma a duba wasannin namu na gado da kyau, za a ga abu guda da ya haɗa su. Kowa ya san wasa ake yi. Taubashinka ya san matsayinsa, yana kuma da damar ramawa gobe. Gemun ɗan tashe kowa na ganin auduga ce, ganin audugar ma shi ne abin dariyar. An shata fili, an san lokaci, an san su wa ke ciki. Shi kuwa wasan naƙudar ƙarya ba ya yiwuwa sai in wanda ake yi wa bai sani ba. Ranar da mijin ya gane, bidiyon ya mutu. Rashin saninsa shi ne kayan aikin.

Daga nan sai mu tambaya: mene ne ainihin abin da kyamarar ke ɗauka? Ruwan da aka zubar na famfo ne, ciwon na ƙarya ne, matashin kai kuwa matashin kai ne. Abu ɗaya ne na gaskiya a cikin bidiyon gaba ɗaya, wato firgicin wanda aka yaudara. Firgicin nan kuma daga ƙauna yake fitowa. Mijin da bai damu da matarsa ba, wanda zai ce mata ta bari ya gama kallon ƙwallo, ba ya ba da bidiyo mai tashe. Direban da ya kau da kai ya wuce, ba za a nuna shi ba. Wanda ya taka birki, ya sauke fasinjojinsa, ya ce a sa ta a ciki ko ba kuɗi, shi ne fuskarsa za ta yawata duniya a matsayin wanda aka yi wa wayo. Wasan yana zaɓo mutanen kirki ne ya mai da kirkinsu abin dariya. Yardar da aka nema bayan an gama kuwa ba ta goge mintunan da mutum ya yi yana zaton zai rasa matarsa. An riga an ɗauki abin, sannan aka dawo neman izini.

Darasin ƙararrawa

Har yanzu wani zai iya cewa wannan tsakanin mutum biyu ne, in sun yafe wa juna shi ke nan. A nan ne sana'ata ta koya mini wani abu da nake ganin shi ne zuciyar maganar.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, duk tsarin da muka gina muna haɗa masa ƙararrawa. In wani abu ya lalace, ko da ƙarfe biyun dare ne, saƙo zai shigo wayar wanda ke kan aiki ya tashe shi. Abin da duk wanda ya daɗe a aikin ya sani shi ne, ƙararrawar da ke bugawa ba dalili ta fi wadda babu ita haɗari. Daren farko mutum zai zabura ya duba. Na biyu ma haka. Kafin dare na goma, hannunsa ya koyi kashe ta ba tare da ya buɗe ido ba. Ba wai ya yanke shawarar yin sakaci ba ne, jikinsa ne ya koyi cewa wannan ƙarar ba ta nufin komai. Ranar da gobarar gaskiya ta tashi, da irin wannan ƙarar za ta zo, kuma irin wannan hannun ne zai kashe ta.

Asibitoci sun san wannan ciwo fiye da mu. A 2013, hukumar da ke tantance ingancin asibitoci a Amurka ta fitar da gargaɗi a kan na'urorin da ke ƙara a gefen gadon marasa lafiya. Ta ce an ƙiyasta kashi 85 zuwa 99 cikin ɗari na ƙarar da suke yi ba ya buƙatar a ɗauki wani mataki, don haka kunnen ma'aikata ya saba da su. Daga Janairun 2009 zuwa Yunin 2012 an kai mata rahoton matsaloli 98 masu alaƙa da waɗannan ƙararrawa, 80 daga ciki sun ƙare da mutuwa. Ma'aikatan nan ƙwararru ne, masu son aikinsu. Yawan ƙarar banza ne ya dakushe su.

Ma'anar ƙararrawa ba ta cikin ƙarfin ƙararta. Tana cikin tarihin gaskiyarta. Kuma tarihin nan dukiya ce ta kowa da kowa, kamar rijiyar unguwa. Ɗan Najeriya bai kamata a yi masa dogon bayani a kan wannan ba. Mutane ƙalilan ne suka riƙa aika wasiƙun damfara da aka sani da 419, amma shekaru da yawa duk ɗan ƙasar nan da ke neman aiki ko ciniki ta intanet sai ya biya bashinsu: a ƙi amsa masa saƙo, a riƙe masa kuɗi, a nemi ya kawo shaidar da ba a nema daga ɗan wata ƙasa. Masu ƙaryar sun ci riba, masu gaskiya suka gaji asarar.

Ihun mace mai naƙuda ƙararrawa ce. Ina ganin ma ita ce mafi tsufa da ɗan Adam ya sani.

Abin da ihun ke nufi a wajenmu

A garin da motar asibiti ke isowa ƙofar gida cikin 'yan mintuna, wataƙila a iya ɗaukar wannan wasa a matsayin rashin ta-ido kawai. Mu duba yadda abin yake a Rimaye ko Sukuntuni, a Mawashi ko Kaikai.

A 1994, wasu masu bincike biyu, Sereen Thaddeus da Deborah Maine, suka bayyana cewa mafi yawan matan da ke mutuwa wajen haihuwa jinkiri iri uku ne ke kashe su: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Har yau ma'aikatan lafiya da wannan ma'auni suke aiki. Jinkiri na ukun magana ce ta gwamnati da kayan aiki da ma'aikata. Amma na farko da na biyu, kusan gaba ɗayansu a kan yarda suke tafiya.

A al'adarmu ciki abin kunya ne, musamman na fari. Yarinya kan ɓoye shi har sai ya fito da kansa, in ya tsufa a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki. In naƙuda ta zo, an hore ta da dauriya. Sau da yawa za ta kwana tana juyi a ɗaki ba ta faɗa wa kowa ba, don kada a ce ta yi raki. Saboda haka ranar da ta buɗe baki ta yi ihu, ko uwarta ta fito tsakar gida ta ce a nemo mota, lamarin ya riga ya yi nisa. Ihun da ke da tsada haka, da wuya ya fito, shi ya sa in ya fito ba a tambaya.

Daga nan sai sarƙar ta fara. A tashi maƙwabci mai mota ko mai babur. Ya buɗe ƙofa cikin dare, a wannan zamani da matsalar tsaro ta sa mutanen jihar Katsina ke tunani sau biyu kafin su amsa sallama bayan isha'i. Ya yarda ya hau hanya. Mai sayar da fetur a galan ya ba da bashi. In asibitin kusa ya gaza, a nufi Babban Asibitin Kankiya, in can ma abin ya fi ƙarfinsu a miƙa titi zuwa Katsina. A samu ɗan'uwa ko baƙo da zai ba da jini. A duk tsawon sarƙar nan ba wanda ke neman shaida. Kalma ɗaya ce ke buɗe kowace ƙofa: naƙuda ce.

Hukumomi ma sun gane cewa wannan yarda ita ce motar asibitinmu ta gaskiya. A ƙarƙashin shirin PRRINN-MNCH, wanda gwamnatocin Birtaniya da Norway suka tallafa a jihohin Katsina, Zamfara, Jigawa da Yobe, an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW aka horar da direbobin haya na sa-kai domin su riƙa kai mata masu naƙuda asibiti cikin gaggawa. Direban da ke jiran layi a tasha, da an kira shi sai ya bar layin ya tafi. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne a kan cewa in an kira, gaskiya ne.

Ga kuma abin da ke kan sikeli. Alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta suka fitar a 2023 sun nuna cewa a 2020 mata kimanin 287,000 ne suka mutu a duniya sanadiyyar ciki da haihuwa, kuma kimanin 82,000 daga cikinsu a Najeriya ne. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan, wato fiye da mata 200 a kullum. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin ɗari ne kacal na haihuwa ake yi a asibiti a faɗin ƙasar, a Arewa maso Yamma kuwa bai kai ɗaya cikin biyar ba. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin sa'o'i biyu in ba a tsayar da shi ba. Waɗanda doguwar naƙuda ta bari da rai, wasunsu suna Babbar Ruga a Katsina, inda likitan nan ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, ya fara ɗinkin yoyon fitsari tun shekarun 1980, wurin da yau ya zama cibiyar ƙasa ta wannan aiki. Kusan kowace mace a can labarinta labarin jinkiri ne. Ba banza ba in mun ga mai ciki muke cewa Allah ya raba lafiya, in ta sauka kuma mu ce barka da arziki.

To, a irin wannan ƙasa ne ake so a koya wa mutane cewa macen da ta zube tana ihu, wataƙila akwai kyamara a bayan bishiya.

Kuɗin jabu

Masanin falsafar nan Bajamushe, Immanuel Kant, ya kawo wani gwaji a 1785 da ke da amfani a nan. Ya ba da misalin mutumin da ke son cin bashi, ya yi alkawarin biya alhali ya san ba zai biya ba. Kant ya ce mutumin ya tambayi kansa: in kowa ya ɗauki wannan hanya fa? Amsar ita ce alkawari kansa zai mutu, ba wanda zai ƙara ba da bashi, har shi maƙaryacin ya rasa abin da yake nema. Ƙaryarsa tana ci ne kawai saboda sauran mutane na faɗin gaskiya.

Haka mai naƙudar ƙarya. Mijinta ya zabura ne domin tun da aka fara haihuwa a duniya, matan da suka yi wannan ihu da gaske suke. Iyayenmu da kakanninmu ne suka tara wannan amana da zufansu da jininsu, wasu da rayukansu. Ita ta zo ta ciri kaɗan daga ciki ta sayi mabiya. Aikinta ɗaya da na mai buga kuɗin jabu: takardarsa na karɓuwa ne saboda na gaskiya sun fi yawa, kuma duk wadda ya shigar kasuwa tana sa mai tireda ya ƙara ɗaga kowace dubu ɗaya sama yana dubawa. Bambancin shi ne, mai tireda in ya tsaya dubawa, minti ɗaya ya ɓata. Direba in ya tsaya dubawa, daga cikin sa'o'i biyun nan yake cira.

Wani zai ce na yi nisa. Ta yaya bidiyon da aka ɗauka a Legas ko Kano zai hana direba a Gidan Mutum Ɗaya tsayawa? Amsar tana cikin yawan masu kallo. A tatsuniyar makiyayin da ke ihun kura ta zo alhali ƙarya yake, mutanen ƙauyensu kaɗai ya yaudara, kuma garkensa ne ya tafi. Bidiyo kuwa dubban ɗaruruwa ke kallonsa, kowannensu na ɗaukar darasi ɗaya ba tare da ya sani ba: wanda ya ruga taimako shi ne wawan labarin. Ba lallai direban ya ƙi tsayawa ba. Ya isa a ce ya rage gudu yana waige-waige, ko matasan da ke wurin su ciro waya suna ɗauka suna dariya maimakon su kama. Irin wannan ɓarna ba ta barin suna. Ba za a taɓa rubuta a takardar asibiti cewa bidiyo ne ya kashe wance ba. Za a ce an kawo ta a makare. Kuma wadda za ta biya bashin, mai yiwuwa ko wayar kallon bidiyon ba ta mallaka ba.

Waɗanda ba sa dariya

Akwai wasu masu kallo da ba sa rubuta komai a ƙasan bidiyon. Matar da ta shekara goma a gidan miji ba ta taɓa ɓatan wata ba, wadda dangin miji ke yi wa gori a fakaice, aka kuma yi mata kishiya saboda haka. Matar da ta yi ɓari na uku a watan jiya. Mutumin da ya taɓa yin irin wannan gudun da takalmi a ƙafa ɗaya, ya dawo gida da jariri ba uwa. A Kankiya da Kusada ba sai an yi nisa ana neman waɗannan mutane ba, kusan kowane zaure akwai su. Abin da suke roƙo a sujada, ko abin da ke hana su barci, shi ne aka cusa a riga da matashin kai.

Mai wasa kuma bai san halin da wanda wasan zai faɗa wa yake ciki ba. A ranar 4 ga Disamban 2012, wasu ma'aikatan gidan rediyon 2Day FM da ke Sidni a Ostireliya suka buga waya asibitin King Edward VII a Landan, inda aka kwantar da Kate, matar Yarima William, saboda laulayin ciki mai tsanani. Suka kwaikwayi muryar Sarauniya Elizabeth da ta Yarima Charles. Ma'aikaciyar jinyar da ta ɗauki wayar, Jacintha Saldanha, ta yarda, ta haɗa su da ɗakin da mara lafiyar take. Aka watsa hirar, duniya ta yi ta dariya. Bayan kwana uku aka tsinci gawar Saldanha, uwar 'ya'ya biyu, kuma binciken kotu ya tabbatar da cewa ita ta kashe kanta. Waɗanda suka buga wayar ba su nufi haka ba. Amma ba su san ta ba, kuma ba su tsaya tunanin cewa akwai mutum a ɗaya gefen layin ba. Suruka mai hawan jini da aka tura wa saƙon cewa 'yarta na zubar da jini, wa ya auna zuciyarta kafin a danna?

Addini ma bai bar wannan fage a buɗe ba. An san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana raha da sahabbansa, amma ba ya faɗin komai sai gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito yadda a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiyarsa, ya farka a firgice, sai Annabi ya hana a tsorata Musulmi. Akwai kuma gargaɗi mai tsanani ga wanda ke ƙirƙirar ƙarya domin ya ba mutane dariya. Igiya ce fa aka ɗauke. Ina ga a ce wa mutum matarsa na tsakanin rai da mutuwa?

To, in shiri ne fa?

Gaskiya ne da yawa daga cikin bidiyon nan shiri ne, mijin ma ya san da kyamarar. Wannan ya cire mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka yaudara, ya bar sauran, wato mu masu kallo, tunda an sayar mana da shi a matsayin gaskiya. Darasin da ke shiga kan mai kallo bai canja ba. Fim ɗin Kannywood na iya nuna naƙuda, har ya sa mu kuka ko dariya, ba kuma abin da ya ragu daga amanar jama'a, domin tun daga sunan fim mun san inda muke. Wannan shi ne gemun auduga na zamani. Matashin da ke da basirar barkwanci bai rasa hanyar ci da ita ba: ya rubuta labari, ya sa 'yan wasa, ya faɗa tun farko cewa wasan kwaikwayo ne. Zai fi wahala, domin dole dariyar ta fito daga gwanintarsa maimakon daga tsoron wani. Amma abin da ya samu nasa ne.

Sai kuma namu kason. Manhajar da ke zaɓo mana bidiyo ba ta san naƙuda ba, ba ta san kunya ba. Lissafi take yi: daƙiƙa nawa ka tsaya, ka sake kallo, ka tura wa wani, ka yi sharhi. Tsoron gaske yana riƙe ido fiye da kusan komai, don haka take tura shi gaba. Wanda ya rubuta “Allah ya shirya” a ƙasan bidiyon, da wanda ya tura shi zauren WhatsApp na dangi yana cewa ku ga lalacewar zamani, a wajen na'urar duk ƙuri'a suka jefa masa. Tun Janairun 2019 YouTube ta bayyana haramta wasannin da ke sa mutum ya zaci yana cikin babban haɗari, amma doka a rubuce ba ta hana kasuwa ci matuƙar akwai masu saye. Ba na cikin masu ganin kama yara a kulle shi ne magani. Abin da ya fi yi musu zafi yana hannunmu: a wuce ba a tsaya ba, a daina bin shafin, a kai ƙorafi ta maɓallin da aka tanada. In ɗan gidanku ne ko ƙanwarka, a zaunar da su a tambaye su wa ya kai mahaifiyarsu asibiti ranar da aka haife su, kuma me ya sa bai tsaya tambaya ba.

Maganata ta ƙarshe ga wanda zai ji ihun ne, direba ko maƙwabci ko mai wucewa. A aikinmu, in ƙararrawa ta yawaita ƙarya, ba a kashe ta. Ana bin inda ƙaryar ke fitowa a toshe, ita kuwa ƙararrawar a ci gaba da amsa ta, domin kuskuren biyu ba nauyinsu ɗaya ba. In ka ruga ka tarar wasa ne, ka yi asarar fetur, an yi maka dariyar yini ɗaya, kunyar kuma ta wanda ya shirya ce. In ka tsaya shakka ya zamana gaske ne, abin da za a rasa ba ya dawowa. Saboda haka ko an taɓa yi maka sau goma, na goma sha ɗaya ma ka taka birki.

Allah ya sauki masu ciki lafiya.